Ƙwayar da Ta Ƙi Nutsewa

A duk faɗin Saji, in ana maganar ƙwai, sai a ce a tambayi Lubabatu. Da zarar damina ta kankama zabi sun fara zuba, matan rugage kan biyo da ƙorai su sauke a ƙofar gidan mahaifinta, ita kuma ta fito da daro cike da ruwa ta zauna. Ba ta girgiza ƙwai a kunne, ba ta ɗaga shi a rana. A ruwa take saka shi. Wanda ya nutse ya kwanta a gindin daro lafiyayye ne, za a dafa shi a kai kasuwar Rano. Wanda ya taso yana leƙen sama baragurbi ne, ko da ɓawonsa na sheƙi. Haka mahaifiyarta ta koya mata tun tana ƙarama, haka kuma ake yi wa irin shinkafa kafin a yafa: abin da ya taso fanko ne, a kwashe a zubar. Shekara ashirin tana wannan gwaji, ruwa bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Tun rasuwar mijinta ta dawo gida ta riƙe mahaifinta, Malam Ishiyaku. A da shi ne mai yi wa manyan riguna aiki, har daga Kibiya ake kawo masa ɗinki. Sai wata shekara allura ta fara kuɓuce masa. Hannun dama ya soma rawa, na hagu ya bi, daga baya jikin duka ya yi nauyi, tafiya ta koma jan ƙafa. Likitoci suka ce ciwo ne da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani. Maganin da aka fara ba shi yana aiki, amma aikin irin na wutar kara ne. Kafin gari ya waye ya gama fita daga jikinsa, sai dattijon ya farka a sanƙare kamar gungume, ko juyi ba ya yi sai an juya shi. Shekara biyu rabonsa da sallar asuba a jam'i, kuma wannan ya fi karkarwar cin ransa.

Ƙanenta Mika'ilu, direban babbar mota, shi ya kai shi wurin wani likita a Kano aka canja magani. Ya dawo da 'yar farar roba mai murfi, ya zaunar da Lubabatu yana yi mata bayani yana ƙirgawa da yatsu.

"Yaya, likita ya ce ɗungurungum za a haɗiye. Ba a dakawa, ba a taunawa. Ya fara taɓa abinci, sannan ya sha da ruwa kofi guda, a zaune. Ragowar tsohon na mayar musu, sun ce kada a haɗa."

"Na ji. Yau ni za ka koya wa jinya?"

"Wa, ni? Na isa?" Ya yi dariya, ya durƙusa ya sallami mahaifinsu, ya ce sun yi lodin hatsi zuwa Fatakwal, sai bayan mako uku.

Ranar da aka kwana biyar da fara sabon magani, Malam Ishiyaku ya tashi da kansa ya yi alwala, ya ɗauki sanda ya tafi masallaci. Da ya dawo, rabin sahu ne suka rako shi har zaure suna barka. Lubabatu na madafa tana jin muryoyinsu, hawaye na zuba, tana ɗora wa hayaƙi laifi.

A rana ta goma, da safe, tana zaune a rumfa da daron ƙwai a gabanta, shi kuma yana kan tabarma ya gama shan koko. Ta buɗe robar ta ɗora masa ƙwaya a tafin hannu. Hannun ya yi 'yar zabura ɗaya, ƙwayar ta yi tsalle ta faɗa daro.

"To, wannan ta tafi wanka," in ji Malam. "Uwata, ba ni 'yar'uwarta."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta da suna. Ta ba shi wata ya haɗiye, ya jingina da bango ya kunna rediyo. Ta juyo za ta laluɓo wadda ta faɗa, sai ta ga ba sai ta laluba ba. Ga ta nan a saman ruwa, tana yawo kusa da wani baragurbi da ta manta ba ta cire ba.

Ta danna ta da yatsa. Ta nutse, ta sake tasowa. Ta ƙara dannawa har gindin daro, ta riƙe, ta saki. Ta taso.

Ta ce wa kanta ƙila sai ta jiƙa. Ta gama ƙwanta, ta ɗora tukunya, ta yi shara. Da hantsi ta dawo ta leƙa. Ƙwayar ba ta narke ba, ba ta kuma nutse ba. Ta kumbura, ta yi wani yauƙi a jiki kamar miyar karkashi, tana nan a sama abinta. Lubabatu ta shiga ɗaki ta ɗauko farar ƙwaya ta ciwon kai, irin wadda kowane gida ke ajiyewa, ta jefa. Nan take ta nutse ta kwanta, ta fara zagwanyewa kamar yadda magani na gari yake yi.

A haka Iya Ramlatu, maƙwabciyarsu, ta shigo aron rariya ta same ta tsugune.

"Me kike leƙe a ruwa kamar mai duba? Miji kike nema a ciki?"

"Iya, zo ki ga wani abu. Yi a hankali, kada Baba ya ji."

Tsohuwar ta sunkuya, ta kanne ido, ta taɓa da tsinke. Murmushin ya bar fuskarta.

"Wannan fa?"

"Maganin Baba ne. Sabon."

"Innalillahi. Shi ne yake yawo haka kamar kashin awaki a kududdufi? Ke 'yar nan, ke da kike raba ƙwai, sai an gaya miki? Abin da ke da ciki ai ba ya tasowa."

"Amma ya ji sauƙi, Iya. Kin gan shi da idonki yana zuwa masallaci."

"Sauƙin farko ba shi ne sauƙi ba. Ba kya jin rediyo? Mugayen nan har abin sa kuzari suke zubawa a ciki don a ce yana aiki, daga baya ya cinye wa mutum hanta. Kada ki yi wa rogo kallon kitse."

Tana jin rediyo kuwa. A shekarun nan, tun da aka koma mulkin farar hula, kusan kullum sai an yi zancen jabun magani: an kama mota guda, an ƙone tuli guda, an sami alli a madadin magani, an sami wanda ya kashe yara. Ana ta jan kunnen mutane su lura da abin da suke haɗiya. Lubabatu ba ta iya karanta rubutun da ke jikin robar ba. Abin da ta iya shi ne ruwa.

Bayan fitar Iya Ramlatu ta zauna tana lissafi. Kwana goma tana ɗura masa wannan abu da hannunta, tana yi masa sannu. Mika'ilu ba shi da waya, kuma yana can wata uwa duniya. Sai wani tunani ya zo mata, ya ɗan sanyaya mata rai. Ko a ƙwaryar da ta fi kowace lalacewa, ba a rasa ƙwai na gari. Ba mamaki gauraya aka yi, aka zuba jabu cikin masu kyau. In haka ne, aikinta ne ta raba su, kuma babu wanda ya fi ta iyawa.

Ta jira sai da Malam ya shiga ɗaki ya kishingiɗa. Ta zubar da ruwan daro, ta ɗauraye, ta cika shi da sabo daga randa. Ta yi bismilla, ta juye robar duka.

Suka watsu a saman ruwa kamar 'yan agwagi. Ta tsaya tana jiran ko ɗaya ta sauka. Ta jira, ta kaɗa ruwan da ludayi, ta sake jira. Ko ɗaya.

Sai a lokacin ta tuna abin da ya kamata ta tuna tun farko: ƙwai in an gwada shi, fito da shi ake yi a goge. Ta sa hannu biyu tana kwasowa tana zubawa a faifai, amma sun riga sun yi laushi, suna manne wa juna, suna manne mata a yatsu. Ta kai su rana. Kafin azahar sun zama dunƙule ɗaya mai danƙo wanda ba ya kama da komai.

Ta ɗauki ɗaya da ta rage a daro ta saka a wata tsohuwar kwalbar man shafawa, ta zuba ruwa ta rufe, don Mika'ilu ya gani da idonsa in ya dawo. Sauran ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne, don kada kaji su ci.

Da lokacin shan magani ya yi, Malam ya miƙo hannu. Idonsa ya yi rauni, ba ya bambance ƙananan abubuwa. Ta ɗora masa farar ƙwayar ciwon kai. Ya haɗiye, ya yatsine fuska.

"Yau ta yi ɗaci."

"Bakinka ne, Baba."

Wannan ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi masa tun tana budurwa. Ta ce wa zuciyarta kwana goma ne kawai, Mika'ilu zai dawo, a koma wa tsohon magani. Ai shekara biyu ya yi yana farkawa a sanƙare bai mutu ba.

Washegari bai je masallaci ba. Karkarwa ta dawo har ta fi ta da, kofi ba ya zama a hannunsa. Ta ba shi koko a baki. Liman ya aiko a tambaya ko lafiya, ta ce sanyin damina ne.

Kashegarin wannan, jikin ya ƙage. Ta zo ta tayar da shi zaune, ta ji kamar tana lanƙwasa ƙyauren ƙofa. A kwance ya yi sallolinsa, da ido. Muryarsa ta koma can ƙasa, sai ta kai kunne bakinsa.

"Uwata, maganin nan ya daina ji na."

"Zai ji, Baba. Da sauƙi in Allah ya yarda."

Iya Ramlatu ta leƙo, ta ja ta gefe. "Kin gani ko? Dafin ne yake fita. Da ba ki tsayar ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Lubabatu ta riƙe wannan magana da hannu biyu, don ita kaɗai ce abin riƙonta. Amma akwai wani lissafi da ya ƙi barinta, tana dama kunu yana biye da ita, tana wanki yana biye da ita. Kwana goma yana shan baragurbi yana tafiya da ƙafarsa. Kwana biyu da dainawa ya zama gungume. Ta zagaya bayan ɗaki ta tsaya a kan ramin da ta binne su, ta daɗe tana kallon ƙasar. Ko da ta tone, babu abin da za ta samu sai taɓo.

A rana ta uku da safe ta shiga da ruwan alwala, ta taɓa goshinsa, ta janye hannu kamar ta taɓa murfin tukunya. Zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon rufin ɗaki, ba sa ƙiftawa sai jifa-jifa. Ta ɗiga masa ruwa da cokali, ruwan ya tsaya a baki, ya gangaro ta gefe. Ta ɗaga hannunsa, hannun ya tsaya a inda ta bar shi.

"Baba! Baba, ka ji ni?"

Leɓɓansa suka motsa, babu sauti.

Ba ta san lokacin da ta fita waje ba mayafi ba. Iya Ramlatu ce ta biyo ta da shi. Allah ya taimaka ranar kasuwa ce, Ɗanmalam mai a-kori-kura yana bakin masallaci ana loda masa buhuna. Da ya ji, bai yi musu ba, ya sa aka sauke rabin kayan. Maza huɗu suka ɗauko Malam Ishiyaku a kan katifarsa, ba su sha wahalar riƙo ba, don jikin ko lanƙwasa ba ya yi. Lubabatu ta koma da gudu ta ɗauko farar robar da kwalbar nan, ta ƙulle a bakin zane.

An yi ruwa kwana biyu a jere, hanya ta lalace. Motar na tafiya tana tangaɗi, ita tana durƙushe a baya ta tallafe kansa da cinya, tana kare masa rana da mayafi. Duk ramin da aka faɗa sai ta sa kunci kusa da hancinsa ta ji ko numfashi na nan. Yana nan, gajere, da zafi. A wani kwari tayar baya ta kafe a laka, maza suka sauka turi, injin na kuka, laka na fantsama. A nan ne idanunsa suka juyo a hankali suka tsaya a kanta. Ba ta san ko yana ganinta ba. Ta ji kamar tambayarta yake yi.

A asibitin Rano aka shigar da shi ɗakin gaggawa. Wani likita siriri mai gilashi ya zo ya duba ido, ya lanƙwasa wuya, ya lanƙwasa gwiwa, ya karɓi ma'aunin zafi daga hannun nas ya kalla sau biyu.

"Wace ce tasa?"

"Ni ce. 'Yarsa ce."

"Yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya, likita. Jabun magani aka sayar wa ƙanena. Ga shi nan." Ta kwance bakin zane, ta miƙa robar da kwalbar. A cikin kwalbar, abin da ya saura na ƙwayar ya zama ɗan farin curi, ruwan ya yi gari-gari.

Likita ya karanta jikin robar, ya ce a kira masa Sista Halimatu Sa'adiya, mai kula da ɗakin magani. Ta zo da sauri, mace mai jiki da sanyin murya, hijabinta har gwiwa a kan farar riga. Ta juya robar, ta duba lambobin da ke jiki, ta ɗaga kwalbar.

"Baiwar Allah, me ya sa kika ce jabu ne?"

"A ruwa na gwada. Tasowa yake yi. Ba ya nutsewa ko an danna."

Sista ta dubi likita, ta dawo da ido kanta. Ba ta yi dariya ba.

"Ai don ya taso aka yi shi. Aikinsa ke nan. Zan yi miki bayani, amma ba yanzu ba. Yanzu gaya mini abu ɗaya: yaushe ya sha na ƙarshe?"

Lubabatu ta waiga. Iya Ramlatu na tsaye a bakin ƙofa, Ɗanmalam na bayanta, mazan da suka ɗauko shi suna leƙe ta taga. Malam na kwance tsakaninsu, ido buɗe.

"Robar nan ta wata guda ce da ɗoriya," in ji likita, "ga ta babu komai. In shanye su ya yi, aiki ɗaya za mu yi. In zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wani aikin ne daban. In kuma daina sha ya yi, wani ne daban. Ba mu da lokacin da za mu gwada duka ukun. Wanne ne?"

Ta dubi mahaifinta, ba likitan ba.

"Baba, ka yafe mini. Yau kwana uku ban ba ka ba. Maganin ciwon kai nake ba ka. Na juye su duka a daro ina neman masu kyau, suka lalace, na binne." Ta durƙushe a gefen gadon. "Ni ce. Ba Mika'ilu ba ne, ba kowa ba ne."

"Kwana uku," in ji likita. Murya bai ɗaga ba, amma nan da nan ɗakin ya cika da motsi. Aka kori masu leƙe, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka tuɓe masa riga ana shafa masa jiƙaƙƙen tsumma, aka kawo siririyar roba za a zura ta hanci zuwa ciki tunda ba ya iya haɗiya.

"Sista, muna da irin na da, mai narkewa? Wannan mai tasowar ba ya bin roba."

"Ba ma ajiye shi." Sai ta tuna wani abu. "Tsaya. Akwai kati biyu da aka yo wa wani dattijo daga Kibiya oda, 'ya'yansa suka mayar da shi Kano kafin ya iso. Bari in duba, Allah ya sa kwanansu bai ƙare ba."

Ta fita da sauri. Lubabatu ta bi bayanta da ido har ta sha kwana, ta ci gaba da kallon kwanar. Ba ta taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Da Sista ta sake ɓullowa tana ɗaga kati a sama, sai Lubabatu ta ji kuka ya ƙwace mata.

A gabanta aka daka ƙwayar, aka dama da ruwa, aka tura ta roba. Likita ya ce kada ta sa ran ganin canji yau. Ya ce irin wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya, jikin da ya saba da shi yana iya ƙagewa ya ɗau zafi har rai ya fita, kuma ba zai ɓoye mata ba, ba duk wanda aka kawo a haka ne yake tashi ba. Sai a yi ta addu'a.

Bayan la'asar Sista Halimatu ta same ta a kan benci a baranda, ba ta ci komai ba tun safe. Ta zauna kusa da ita, ta miƙa mata ƙosai a takarda.

"Me kike sayarwa?"

"Ƙwan zabi."

"Shi ya sa." Ta gyaɗa kai. "To ji. Cikin mutum kamar kwatarniya ce mai ƙofa a gindi. Abin da ya nutse, shi yake fara bi ta ƙofar ya wuce hanji. Shi kuma wannan magani, ɗan wuri kaɗan ne a farkon hanji jiki yake iya zuƙarsa. In ƙwaya ta wuce wurin nan, ta wuce ke nan, kamar motar da ba ta tsaya a tasha ba. Shi ya sa na da yake saurin sakinsa. Sai masu haɗa magani suka yi dabara, suka yi wadda ba ta da nauyi. In ta shiga ta sha ruwa, sai ta yi wannan yauƙin da kika gani, ta taso saman abin da ke cikin, ta ƙi bin ƙofa. Tana nan tana tsiyayar da magani kaɗan-kaɗan, awa da awa, yana gangarawa inda ake bukatarsa. Abin da ya sa aka ce da abinci da ruwa kofi guda, don ta sami abin da za ta hau."

"Da an gaya mini."

"Da an gaya miki." Sista ta yi ajiyar zuciya. "An ce muku kada a daka, ba a ce muku don me ba. Jabun ma akwai shi, ba ƙarya rediyo take yi ba. Amma ba a daro ake gane shi ba. In kin ƙara shakka, kawo mini, ko ba ranar kasuwa ba."

Kwana biyu zafin bai sauka ba. Lubabatu ba ta bar gefen gadon ba sai don salla. Ta haddace saurin ɗigar ruwan leda, ta haddace takun kowace nas. A rana ta uku da hantsi tana goge masa hannu, sai ta ji yatsunsa suna rawa a cikin nata. Wannan karkarwa da ta shekara shida tana roƙon Allah ya ɗauke, ita ce yau ta sa ta tashi da gudu tana kiran likita tana hamdala.

Sai da suka kwana goma sha ɗaya. Mika'ilu ya dawo ya tarar da gida a rufe, ya iso asibiti ido jawur. A baranda ya tare ta.

"Yaya, a daro? Maganin Baba a daron ƙwai? Da me na ce miki?"

"Ka ce kada a daka. Ban daka ba."

Ya kama kai da hannu biyu. Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta ce, "Kai direba, rage gudu. Shigo ka gaishe ni." Washegari ya tafi Kano da takardar likita ya karɓo wata farar robar.

Malam Ishiyaku bai koma yadda yake a kwanakin nan goma ba. Ƙafar hagu ta ƙara nauyi, likita ya ce ƙila ta saki, ƙila ba ta saki ba. Maganar daro kuwa bai taɓa tayar da ita ba, ita ma ta kasa tambayarsa ko ya ji abin da ta faɗa a gefen gado.

Safiyar farko da aka mayar da shi kan mai tasowar a gida, suna rumfa, ya gama shan koko. Ta cika kofi da ruwa, ta buɗe roba, ta tsaya da ƙwayar a hannu ta kasa miƙawa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Fara matsar da daron nan can nesa. Ba na son ta sake tafiya wanka."

Ta ɗago kai. Fuskarsa ba ta cika motsi ba tun da ciwon ya kama shi, amma ta ga abin a idonsa. Ta ja daron har bakin madafa, ta dawo ta durƙusa. Ya karɓa da kansa, ya kai baki, ya shanye ruwan duka. Ya lumshe ido kamar mai sauraren wani abu daga nesa, ya shafa ciki.

"Ba ɗaci. Tana nan tana yawonta."

Ta koma kan ƙwanta. Na farko ya nutse, na biyu ya nutse, na uku ya taso. Ta ɗauko shi ta riƙe, ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta tashi ta je bayan ɗaki, ta ƙwanƙwasa shi a jikin dutse don ta gani da idonta. Warin ya kore ta har tsakar gida.